Su Wa Ke Riƙe Da Tabarmarka?

Karatu: Markus 2:1-12
Ƙarin karatu: Karin Magana 23:29-35, Mai Hadishi 4:9-12, Galatiyawa 6:1-5, Yakubu 5:13-16

Saƙon wannan mako muna aika shi musamman ga masu sauraronmu da ke ƙauyukan Jazira da bakin Kogin Nilu Shuɗi a ƙasar Sudan, tun daga Wad Madani da Sannar da Mai Wurno, har zuwa Sinja da Damazin da Rusairis. Mun san yawancin Hausawan wannan yanki Musulmi ne. Kakannin waɗansunsu sun taso ne daga ƙasar Sakkwato bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗansu kuma hanyar Makka ce ta kawo su, suka zauna, suka yi noma. A tsakaninsu akwai masu bin Yesu, da 'yan ƙwadago daga duwatsun Nuba da kudu waɗanda zama tare ya koya musu Hausa. Ko wane ne kai a cikinsu, in giya ta kama ka, ko ta kama wani naka, wannan magana taka ce.

Maganar kuwa ɗaya ce. Wanda giya ta ɗaure da wuya ya kwance kansa shi kaɗai. Allah yana da ikon kuɓutar da shi, amma sau da yawa taimakon Allah yakan zo ne ta hannun mutane, musamman waɗanda suka taɓa faɗawa ramin da yake ciki. Saboda haka dole ya neme su, ya zauna da su, ya kuma riƙa komawa.

Abin da ya faru a Kafarnahum

Ka buɗe Markus sura 2 ka karanta da kanka. Yesu yana cikin wani gida a Kafarnahum yana koyarwa. Jama'a sun cika ɗaki har bakin ƙofa. A garin akwai wani shanyayye. Ya ji labarin Yesu kamar yadda kowa ya ji, amma ƙafar da za ta kai shi babu. Sai mutum huɗu suka ɗauke shi a kan shimfiɗarsa. Da suka tarar hanya a toshe, ba su juya ba. Suka hau soro, suka buɗe rufin, suka zura shi a gaban Yesu. Yesu ya gafarta masa zunubansa, sa'an nan ya warkar da jikinsa. Mutumin da aka kawo ɗauke ya koma gida da ƙafarsa, tabarmarsa a hannu.

Ka lura da abu uku. Na farko, mutanen nan huɗu ba su warkar da kowa ba. Yesu ne ya warkar. Nasu aikin ɗauka ne kawai. Na biyu, in ba don su ba, da mutumin nan ya kwana a ɗakinsa, Mai Ceto kuwa yana nan cikin unguwarsu. Na uku, shi ma mara lafiyar akwai abin da ya yi: ya yarda a ɗauke shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka yi tunanin babban mutum ana ratsa gari da shi a kan tabarma, yara suna kallo, mata suna leƙe. Ya haɗiye kunya don yana son lafiya.

Mashayi shanyayye ne ta wata fuska. Ƙafafunsa lafiya lau, sukan kai shi gidan mai aragi ko cikin duhu. Abin da ya shanye shi ne ikon cewa a'a. Sau nawa ka rantse da safe cewa ka daina, kafin magariba ka koma? Sau nawa ka yi kuka cikin addu'a, ka tashi da niyya mai kyau, niyyar ba ta kai Asabar ba? Manzo Bulus ya bayyana irin wannan yaƙi a Romawa sura 7, inda mutum yake son nagarta amma ya iske kansa yana aikata abin da ya ƙi. In haka kake, ba wai bangaskiyarka ƙarya ba ce. Kana bukatar masu riƙe kusurwar tabarma.

Ciwon da ake ɓoyewa

A Satumba 1983 Shugaba Ja'afar Numairi ya haramta giya a Sudan, har aka zubar da ita a kogin Nilu a Khartum. Dokar laifuffuka ta 1991 ta sa bulala 40 a kan Musulmin da ya sha. A Yuli 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta sassauta dokar ga waɗanda ba Musulmi ba. Duk tsawon shekarun nan shan bai ƙare ba, ya dai koma bayan zana. Ana dafa aragi da dabino, ana yin marisa da dawa kamar burukutun ƙasar Hausa, ana sayarwa a ɓoye, ana sha a ɓoye. Abin da aka dafa a ɓoye kuwa ba mai auna ƙarfinsa. Wani lokaci akan sami guba a cikin irin wannan giya, wadda ake kira metanol, mai makantar da mutum ko ta kashe shi.

Inda ake sha a fili, mashayi yakan rasa mai tsawata masa. Inda ake sha a ɓoye, yakan rasa wanda zai gaya wa. In Musulmi ne, yana tsoron hukuma da idon jama'ar masallaci. In Kirista ne, yana tsoron a ce ga irin halin mutanen coci, ya jawo wa 'yan'uwansa zagi a garin da ba su da yawa. Sai ya yi shiru, matarsa ta yi shiru, ciwo yana ci.

Ga kuma wahalar shekarun nan. Rikicin da aka yi a jihar Nilu Shuɗi a 2022 ya raba dubban mutane da gidajensu. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya iso Wad Madani a Disamba na wannan shekara, ya kai Sinja a 2024. Mutane sun bar gonaki, sun binne 'yan'uwa, sun ga abin da baki ba ya iya faɗa. Wani bai taɓa sha ba sai da barci ya gagare shi. Ya fara da kofi ɗaya don ya manta, yanzu kofin ne ke juya shi.

Kada ka ɗauka kai kaɗai ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2024 cewa a shekarar 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, kuma wajen mutum miliyan 209 a duniya jikinsu ya riga ya dogara da ita. Likitoci sun gane cewa shan da ya daɗe yakan canja aikin ƙwaƙwalwa, har jiki ya riƙa neman giya kamar yadda yake neman ruwa. Marubucin Karin Magana ya riga su gani. A sura 23 ya zana mashayi da jajayen idanu da raunukan da bai san inda ya samo su ba, yana farkawa kuma tunaninsa na farko shi ne ya ƙara. Littafi Mai Tsarki ya kira buguwa zunubi, ba mu ɓoye wannan. Amma zunubi ne da yakan zama sarƙa, sarƙa kuwa faɗa ba ya tsinka ta.

Mashaya biyu a ɗaki ɗaya

Me ya sa sai tsohon mashayi? Ga fasto, ga mata, ga iyaye. Bari in ba ka labari na gaskiya.

A watan Mayu 1935 wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson ya je garin Akron a Amurka don wata harka, harkar ta lalace. Giya ta riga ta cinye masa aiki da mutunci, amma a lokacin ya yi kusan wata biyar bai sha ba. Yana tsaye a zauren otal, ransa a ɓace, yana jin hayaniyar mashaya a gefe guda. Ya san in ya shiga, ya gama. A ɗaya gefen kuma akwai allo mai sunayen majami'u da fastocinsu. Ya ɗauki waya ya kira wani fasto, ya ce yana neman mashayi ɗan'uwansa da zai yi magana da shi. Ta haka aka haɗa shi da wani likitan fiɗa, Dokta Bob Smith, wanda shi ma giya ta kusa hallaka shi. Likitan ya ce minti 15 kawai zai ba shi. Suka zauna, suka yi sa'o'i suna magana. Abin da ya riƙe likitan shi ne, wannan baƙo bai zo yi masa wa'azi ba. Ya ba da labarin kansa ne, likitan kuwa ya ji kamar labarinsa ake bayarwa.

Ranar 10 ga Yuni 1935 ita ce ranar da ake lissafawa likitan ya yi shansa na ƙarshe, daga nan kuma ake ƙirga farkon ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato mashaya masu ɓoye sunansu. A 1939 suka buga littafinsu mai matakai 12. A taƙaice matakan suna koya wa mutum ya yarda giya ta fi ƙarfinsa, ya miƙa ransa ga Allah, ya bincika halinsa ba ƙarya, ya faɗi laifinsa ga Allah da kuma wani mutum, ya biya waɗanda ya cuta in zai yiwu, ya riƙa addu'a, ya kuma taimaki wani mashayi. Ƙungiyar ba ta wata ɗarika ba ce, Kirista da Musulmi duk suna shiga. Amma mai karanta Littafi Mai Tsarki zai gane tushen. Yakubu 5:16 ya haɗa abu uku wuri ɗaya: furta zunubi ga juna, yi wa juna addu'a, da samun warkewa.

Tun kafin su ma, a 1877, wani fasto mai suna Louis-Lucien Rochat ya kafa ƙungiyar Shuɗin Gicciye a birnin Jeneba, inda masu bi suke barin giya tare da mashaya don su ƙarfafa su. A 1991 kuma wata ikkilisiya a Kalifoniya ta fara shirin Celebrate Recovery, mai bin matakan nan da sunan Yesu a fili. A 2020 masana na Cochrane sun tattara bincike 27 da aka yi a kan mutum 10,565, suka iske cewa hanyar da ke kai mutum irin wannan taro tana taimaka masa ya daina sha ɗungum daidai da sauran hanyoyin jinya, a wasu wuraren ma ta fi su.

Dalilin a fili yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kana iya ruɗin matarka, kana iya ruɗin fasto, amma wanda ya taɓa ɓoye kwalba a cikin buhun dawa ba za ka ruɗe shi ba. Ba kuwa zai rena ka ba, don ya san inda aka tsamo shi.

Ina za ka same su?

A ƙauyenku ba za ka ga allo a bakin hanya an rubuta ga taron masu barin giya ba. Sai ka nema, kamar yadda mutanen nan huɗu suka nemi hanya ta soro.

Ka fara da mutumin da kowa ya sani yana sha a dā, yanzu ya bari. Da wuya a rasa irinsa a gari. Ka same shi shi kaɗai, a gona ko a hanyar kasuwa, ka gaishe shi da ladabi, ka ce, "Baba, na san ka taɓa shiga abin da nake ciki. Yaya ka yi ka fita?" Kada ka damu ko addininku ɗaya ko ba ɗaya ba. A misalin da Yesu ya bayar a Luka 10, wanda ya ɗauki mai rauni daga bakin hanya Basamariye ne.

Na biyu, ka je wurin fastonka ko wani dattijon ikkilisiya mai riƙe asiri. Fasto yakan san abin da ke cikin gidaje. Mai yiwuwa akwai mutum biyu ko uku da suka riga ka zuwa wurinsa da wannan kuka, kowannensu yana zaton shi kaɗai ne. Ka roƙe shi ya tambaye su ko za su yarda a haɗa ku.

Na uku, ka tambayi likita ko ma'aikacin lafiya a asibitin da ya fi kusa da ku wanda yake aiki. Ka gaya masa gaskiyar yawan abin da kake sha, ka tambaye shi ko ya san inda masu barin giya ko ƙwaya suke haɗuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na huɗu, in kana da waya mai intanet kuma layi yana kamawa, akwai tarurrukan Alcoholics Anonymous da ake yi ta waya da Larabci da Turanci, dare da rana. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a tambayar cikakken sunanka. Kana iya saurara kawai ba tare da ka ce uffan ba.

In duk ka bi waɗannan ba ka sami taro ba, to, ku fara naku. Na Akron da mutum biyu ya fara. Yesu kuma ya yi alkawari a Matiyu 18:20 cewa ko taron mutum biyu ko uku ne cikin sunansa, ba ya rasa halarta. Ku sami rumfa ko ɗakin da ba mai leƙe. Ku sa rana da lokaci, kada ku riƙa canjawa. Ya fi kyau ku zaɓi lokacin da jaraba ta fi ƙarfi, kamar yammacin ranar kasuwa, ko ranar da ake biyan 'yan ƙwadago kuɗin cirar auduga. Ku ɗora shayi ko jabana. Kada ku tara jama'a da yawa tun farko.

Gargaɗi kafin ka daina

Ɗan'uwa, ka karanta wannan da kyau, don rai ne. In ka daɗe kana sha da yawa kullum, har hannunka yana rawa da safe sai ka kurɓa, kada ka yanke shan farat ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Daga sa'a 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe jiki yakan fara rawa, da gumi, da amai, da faɗuwar gaba. Waɗansu sukan faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya a cikin kwana biyu na farko. A kwana na biyu zuwa na huɗu wani yakan ruɗe, ya yi zazzaɓi, ya riƙa ganin abubuwan da babu su. Wannan ba aljanu ba ne, jiki ne yake neman abin da ya saba, kuma yana iya kisa. Akwai maganin da likita yake bayarwa don a haye kwanakin nan lafiya. Ka ga ma'aikacin lafiya tukuna, ka kuma sa wani ya kwana tare da kai. Taron 'yan'uwa ba ya maye gurbin asibiti. Luka da ya rubuta Bishara ma likita ne.

Ranar farko

Ranar da za ka je, Shaiɗan zai kawo maka dalilai goma. Zai ce yau ka gaji. Zai ce za a gane ka. Zai ce naka bai kai na waɗancan ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun jiya ka roƙi wani ya biyo maka ku tafi tare, ka kuma bi hanyar da ba ta wuce ƙofar mai sayarwa.

Abin da ake yi a taron ba wuya. Akan buɗe da addu'a ko ɗan shiru. A karanta wani abu gajere. Sa'an nan kowa ya yi magana bi da bi a kan kansa: yadda makon ya wuce, inda jaraba ta tare shi, abin da ya taimake shi. Ba a katse mai magana. Ba a yi masa gyara ko wa'azi. Ba a kawo gardamar addini, ko ta ƙabila, ko ta yaƙi. Wanda ya zo sabo ba a tilasta masa magana. Sharaɗin shiga ɗaya ne, wato son daina sha. Bayan sa'a ɗaya a rufe da addu'a.

Doka mafi girma ita ce riƙon asiri. Wanda ka gani a wurin da abin da ka ji, ka bar su a wurin. Kada ka gaya wa matarka, kada ka mai da shi roƙon addu'a a gaban ikkilisiya. A ƙasar da maganar giya take iya kai mutum gaban alƙali, ko ta kashe auren 'yarsa, sakin baki cin amana ne mai girma.

Kafin ka tashi, ka nemi mutum ɗaya da ya daɗe da dainawa, namiji ga namiji, mace ga mace, ka roƙe shi ya zama mai riƙon hannunka. Shi ne za ka kira, ko ka ƙwanƙwasa wa ƙofa, kafin ka sha, ba bayan ka sha ba. Kada ka ɗauki alkawarin shekara. Ka roƙi Allah ƙarfin yau, kamar yadda Ubangiji ya koya mana roƙon abincin yini. Gobe ka sake roƙo.

Ka riƙa komawa

Kai manomin Jazira ka san wannan fiye da mu. Tun 1925 madatsar Sannar take tare ruwan Nilu Shuɗi. Ruwa yana nan da yawa, amma ba ya tsallakowa daga madatsa ya faɗa cikin hawasharka. Sai ya bi babbar tur'a, ya shiga ƙarama, ya shiga Abu Ishirin, ya shiga Abu Sitta, sa'an nan ya kai gindin auduga da dawa da gyaɗa. In laka da ciyawa suka toshe ƙaramar hanyar da ke bakin gonarka, shukarka za ta bushe alhali kogi yana cike. Alherin Allah ya fi kogin Nilu yawa. Taron 'yan'uwan nan ƙaramar hanya ce da alherin yake bi ya iso gare ka. Yashe hanyar ruwa kuwa ba aikin rana ɗaya ba ne, ban ruwa ma ba sau ɗaya ake yi a ce an gama ba.

Mutane da yawa sukan je sau uku, su ji sauƙi, su ce sun warke. Nan ne haɗari yake. Bulus ya gargaɗi Korantiyawa cewa mai ganin ya tsaya daram shi ne ya kamata ya fi lura. Zumunta a ƙafa take. Ka je ranar da kake so, ka je ranar da ba ka so. In gudun hijira ya kai ka wani gari, abin da za ka fara nema bayan wurin kwana shi ne irin waɗannan 'yan'uwa.

In kuwa ka faɗi, ka sake sha, fa? Kunya za ta ce kada ka koma. Ka koma a wannan makon, ka faɗi gaskiya. Ba wanda zai yi mamaki a cikinsu. Mai Hadishi sura 4 ya ce abin tausayi shi ne mutumin da ya faɗi ba shi da mai tashe shi. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, amma bai gudu daga cikin almajirai ba, a cikinsu kuwa Yesu ya same shi ya maido shi. Yahuza ya tafi da baƙin cikinsa shi kaɗai.

Wata rana kuma za ka ga baƙo ya shigo, kansa a sunkuye, hannunsa yana rawa. Ranar nan kai ne za ka kama kusurwar tabarma. Za ka iske cewa ɗaukar wani yana ƙara maka ƙarfin tsayawa.

Ga uwargida da ikkilisiya

'Yar'uwa, ke da kike kwana da wannan wuta a ɗaki, ba ke kika jawo shansa ba, ba kuma za ki iya hana shi da faɗa ko da zubar da kwalba ba. Ki daina rufa masa da ƙarya a wurin mai gona ko wurin masu binsa bashi. Ki adana kuɗin abincin yara. In yana duka, ki kai kanki da yaran inda za ku tsira, ki gaya wa dattawa. Wannan ba rashin biyayya ba ne. Ke ma kina bukatar masu ɗaukarki. A 1951 matar Bill Wilson, Lois, tana cikin waɗanda suka kafa Al-Anon don iyalan mashaya. Ki nemi mace ɗaya ko biyu masu irin nauyinki, ku riƙa zama kuna addu'a.

Ku kuma shugabannin ikkilisiya, ku tuna da taron da ya cika ƙofa a Kafarnahum. Masu sauraron wa'azi ne, amma su ne suka tare wa mara lafiya hanya. Galatiyawa 6 ta umarce mu mu maido da wanda ya faɗi da tawali'u, muna lura da kanmu. Ku ba su ɗaki, ku ba su gawayi da ganyen shayi, kada ku tambayi sunayen masu zuwa.

Tambayoyi don tunani

1. Wane ne mutum ɗaya da zan gaya wa gaskiya kafin wannan mako ya ƙare?
2. Wace rana da wane lokaci ne jaraba ta fi kama ni, ina kuma zan kasance a wannan lokaci?
3. In ni ba na sha, tabarmar wa Allah yake so in kama?

Addu'a

Ya Uba na sama, ka san abin da nake ɓoyewa. Na yi ƙoƙari da ƙarfina, na kāsa. Ka gafarta mini zunubina saboda Ɗanka Yesu. Ka cire mini girman kai da tsoron idon mutane. Ka nuna mini waɗanda ka shirya su ɗauke ni, ka ba ni ƙarfin zuciya in je wurinsu, in kuma riƙa komawa. Ka warkar da gidana, ka ta'azantar da waɗanda na ɓata wa rai. Ka ba ƙasar Sudan salama. Ka tsare ni yau, in na tsaya kuma ka sa in zama mai ɗaukar wani. Cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.